Makauniyar Tagar Arewa

Hobart, 6 ga Afrilu, 1981

Lindsay,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Morag, da fatan gwiwar da ka yi kuka da ita a katin Kirsimeti ta yi sauƙi. Ni dai ciwon bayana ne, shi ma mun saba da juna. Mama ce abin dubawa. Tun da ta faɗi a matakala cikin Janairu ƙugunta ya karye, ba ta ƙara taka ƙasa ba. Likita ya ce ƙashin mai shekara tamanin da bakwai ba ya ɗinkewa, kuma zuciyarta ta gaji. Na sauko da gadonta ɗakin cin abinci na ƙasa, don ba zan iya hawa bene sau ashirin a yini ba.

Ka san ɗakin. Tagoginsa biyu titi suke kallo, rana ba ta taɓa leƙo su ba tun da aka haife mu. Ina hura murhu tun safe, amma danshi na bin bango, bargo ma sai ka ji shi da laima. Sanyi bai ma shigo sosai ba, amma dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan dutsen da ke bayan gari. Jiya ina ba ta shayi ta ce, “Noelie, tuffar nan ta bayan gida ta nuna kuwa?” Na ce ta nuna. Ta ce, “Ita ta ji daɗi, kullum tana cikin rana.” Sai na gyara mata bargo.

Ga abin da ya sa na rubuto. A bangon ɗakin na arewa akwai makauniyar tagar nan, wadda aka cike da bulo aka yi mata fenti daga waje kamar tagar gaske. Ina so a buɗe ta Mama ta sami rana. Fitar da ita lambu ba zai yiwu ba, matakalar dutse goma sha ɗaya ce, kuma ko juya ta aka yi sai ta yi ƙara. Clarrie Duggan, tsohon maginin da ke gyara mana rufi, ya ce aikin kwana biyu ne.

Na je hukumar kula da tsofaffin gine-gine. Sun ce tunda gidan yana cikin jerin gidajen tarihi, ba a taɓa ko bulo ɗaya sai masu gidan duka sun sa hannu. Rabin gidan na mahaifinka ne, yanzu naka. Kuma kai ka rubuta rahoton da ya shigar da shi jerin, don haka maganarka za su ji. Ga takardar na haɗo. Ka sa hannu ka maido da wuri.

Mama tana gaishe ka. Har yanzu hotonka na makaranta yana kan teburinta.

’Yar’uwarka,
Noeline

Edinburgh, 29 ga Afrilu, 1981

Noeline,

Na sami wasiƙarki, na kuma yi baƙin ciki da labarin Anti Ida. Ki gaishe ta da jiki, ki sumbace ta a goshi a madadina. Ba na mantawa ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da uwata ta rasu. Mu nan lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, Morag tana fama da lambunta, don furanni sun fara fitowa.

Game da taga, ina roƙonki ki karanta da sanyin zuciya. Ina ga ba ki san darajar abin da kike zaune a ciki ba. A 1836 kakanmu Kyaftin Silas Pargeter, da ribar man manyan kifayen teku, ya aika Ingila aka zano masa gida irin na zamanin sarakuna George. Fursunonin da aka koro daga can su suka sassaƙa dutsen suka aza shi. Bai canza ko taku ɗaya daga zanen ba: ƙofa a tsakiya da gilashi mai kamar mafici a kanta, taga biyu dama, biyu hagu, biyar a sama, kowace da gilashi goma sha biyu. Manyan ɗakuna suna kallon kudu, bangon arewa a toshe, da makafin tagogi uku don kada ido ya ga bango tsirara. A duk tsibirin da garinmu yake babu gidan da makafin tagoginsa suka kai yau da fentinsu na asali sai namu. In aka fasa ɗaya, an karya daidaiton bangon gaba ɗaya, kuma abin da aka fasa ba ya dawowa.

Ki tuna shekara takwas da suka wuce, lokacin da aka rushe gidaje shida a layinmu aka yi wurin ajiye motoci. Wata bakwai na yi ina rubuce-rubuce kafin a sa namu a jerin. Ba don haka ba, da yau Anti Ida tana gidan tsofaffi. Dokar da ke takura miki yanzu ita ce ta bar muku rufi a ka.

Kuma ko an fasa, me za a samu? A sana’armu ta zanen gine-gine ɗalibin shekarar farko ma ya san tagar arewa haske kawai take bayarwa, ba ta kawo rana. Za ki ɓata bango, ki ƙara mata sanyi, ba ki sami komai ba. Shawarata ki sa hita mai lantarki ta ɗumama ɗakin, ki matso da gadon kusa da tagogin gaba, ki cire labule.

Na riƙe takardar tukuna. Ki rubuto mini yadda jikin yake.

Naki,
Lindsay

Hobart, 14 ga Mayu, 1981

Lindsay,

Ina gaisuwa, tunda haka aka koya mana. Na ji furannin Morag sun fito, madalla. Mu nan ganye ya gama zuba. Mama ta fara tari, abinci kuma sai na yi ta lallashi kafin ta sha cokali huɗu na romon tunkiya.

Na karanta wasiƙarka sau uku, a na ukun sai na yi dariya ni kaɗai a kicin kamar mahaukaciya. Tagar arewa ba ta kawo rana! Lindsay, a gidan nan aka yanke maka cibiya. A ina muke shanya kaya? A wane bango kake jingina bayanka kana cin tuffa in mun taso daga makaranta? A nan kudancin duniya rana ta arewa take bi, ba kamar can wurinku ba, kai ma ka sani, ko dai ka taɓa sani. Shekara talatin a ƙasar wasu ta juya maka sama. Lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakanka ya kawo zanen da aka yi don ranar Ingila, ya juya wa tamu baya, ya bar jikoki da tattaɓa-kunne suna tari. Kai kuma ka zo ka rubuta rahoto shafi arba’in kana yabon kuskuren. Har yau ba ka lura kuskure ba ne.

Na faɗa wa Clarrie abin da ka ce. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce, “To, Mis, shi ya yi karatu. Ni dai abin da na sani, kyanwa ba ta taɓa kwanciya a gaban gidan nan ba.” Ya ce fursunonin da suka gina gidan sun shekara a nan suna fasa dutse cikin rana, ba yadda za a yi su rasa sanin inda take. Amma wa ke tambayar ɗaurarre ra’ayinsa?

Ka ceci gidan, ban musa ba, na kuma gode. Amma kai ka ceci hotonsa ne. Ni ke kwashe tokarsa, ni ke goge baƙin danshi a bayan gadon uwata kowace Asabar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da ta ni ce, da tuni na sa Clarrie ya ɗauko guduma, hukuma ta zo ta kai ni kotu. Mama ce ta hana. Ta ce, “Gidan Lin ne shi ma. Yaron nan ya san abin da yake yi, ba a yi masa ɓarna a bayan idonsa. Zai ce e, ki ba shi lokaci.” Yaron nan! Mai furfura, mai ciwon gwiwa. Na gwada yi mata ƙarya ma, na ce ka yarda. Ta miƙo hannu ta ce, “Nuna mini rubutunsa.” Kunnenta ba ya jin waya, amma idonta ya san hannunka, ita ta koya maka riƙon alƙalami.

Ni da na bar aikina na ofishin jiragen ruwa don in yi jinyarta, maganata ba ta isa ta cire bulo ɗaya ba. Taka daga bayan teku ita ake jira. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ka sa hannu.

Noeline

Hobart, 20 ga Yuni, 1981

Lindsay,

Gaisuwa. Mako biyar shiru. Na buga waya gidanka, Morag ta ce kana tsibiran arewa kuna auna wani tsohon coci, ba waya a wurin. Allah ya ba cocin lafiya.

Yanzu ne tsakiyar sanyi. Ruwa ya daskare a famfon waje. Da tsakar rana nakan fita bayan gida in dafa bangon nan, in ji shi da ɗumi kamar burodin da aka fitar daga tanda, sannan in koma ciki in tarar da ita a duhu. Kaurin bulo biyu ne tsakaninta da wannan ɗumin.

Ta daina ƙorafin sanyi. Duk sanda mai kai wasiƙu ya taɓa ƙofa takan buɗe ido ta ce, “Ta Lin ce?”

Noeline

Edinburgh, 8 ga Yuli, 1981

Noeline,

Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu. Ina gaishe ki, ina gaida Anti Ida. Na ji daɗi ƙwarai da kika ce ta daina ƙorafin sanyi, ashe hitar ta yi amfani. Wannan ya kwantar mini da hankali.

Maganar rana kuwa, kin kama ni. Na zauna da wasiƙarki a hannu kunya ta rufe ni. Na tuna bangon, na tuna tuffar, har na tuna yadda dutsen ke ƙona mini bayan wuya. Ban san yaushe na manta ba. Shekara talatin ina koya wa ɗalibai cewa kudu ce gefen rana, har na koya wa kaina. Gidan nan shi ne kaɗai abin da na taho da shi daga gida, Noeline, kuma ga alama a takarda na taho da shi.

Na yarda a buɗe tagar. Abu ɗaya nake roƙo, tunda jikin ya ɗan lafa kuma ba gaggawa. Kafin a taɓa bangon, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a auna shi, a kankare ɗan fentin a adana. In ba a yi haka ba, shaidar shekara ɗari da arba’in da biyar ta tafi a banza. Na rubuta wa wani tsohon ɗalibina da ke Melbourne, zai iya ƙetarowa a ƙarshen Agusta. Da ya gama zan aiko da takardar da sa hannuna. Mako shida ko bakwai ne kawai.

Kada ki nuna wa Anti wannan tukuna, kada ta sa rai da rana ɗaya a zo a ɗaga. Ni ma ina duba yiwuwar zuwa da Kirsimeti, mu zauna mu uku a gaban sabuwar tagar.

Naki da neman afuwa,
Lindsay

Hobart, 21 ga Yuli, 1981

Lindsay,

Ba gaisuwa yau. Ta daina ƙorafin sanyi ne don ba ta da ƙarfin ƙorafi. Mutumin da ke karanta tarihin gida daga bakin bulo ya kasa karanta layi ɗaya na ’yar’uwarsa.

Na nuna mata wasiƙarka duk da ka hana. Ta bi ta da yatsa har ƙarshe, ta ce, “Ya ce a jira mai hoto. Sai mu jira.” Na durƙusa na roƙe ta, ta juya fuska bango.

Likita ya ce makonni ne, ba watanni ba. Ba za ta ga Kirsimeti ba, ba za ta ga ɗalibinka ba. Ka rubuta mata da hannunka cewa a fasa yau.

Noeline

Edinburgh, 2 ga Agusta, 1981

Noeline,

Yanzu wasiƙarki ta iso, ina tsaye a gidan waya nake rubuta wannan. Ga takardar na sa hannu. Ki yafe mini. Layin da ke ƙasa na Anti ne, na yi shi da manyan baƙaƙe don ta gani.

ANTI IDA, A FASA BANGON YAU. RANA TAKI CE. ƊANKI, LIN.

Hobart, 19 ga Agusta, 1981

Lindsay,

Ina gaishe ka, ina gaida Morag. Na gode da furannin da kuka sa aka kai coci. Ni lafiyata ƙalau, bayan ma ya daina ciwo tunda ba wanda nake ɗagawa.

Morag ta ba ka saƙon da na bari ta waya, amma ban gaya mata yadda aka yi ba. Mama ta cika ranar Alhamis, shida ga wata, da hantsi. Da safen ta ce in buɗe labule, na ce a buɗe yake. Ta ce, “To.” Mai kai wasiƙu ya taɓa ƙofa, ta buɗe ido, na je na dawo da takardar talla ta masu sayar da kujeru. Ba ta tambaya ba, fuskata ta duba. Bayan kamar awa ɗaya ta tafi. A waje rana ce tarwai, ina jin tsuntsaye a kan tuffar.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, kwana ɗaya bayan mun binne ta. Na ga manyan baƙaƙenka, sun yi kyau, ka iya rubutu. Ihu bayan hari ke nan. Na sa ta ƙarƙashin hotonka na makaranta.

Ban kai takardar hukuma ba. Ba ta da amfani, don dalilin da na rubuta a kanta yana maƙabarta. Amma ranar Asabar na kira Clarrie na ce ya zo da guduma. Ya ce, “Mis, yanzu kuma don wa?” Na ce ina so in ga abin da aka hana ta.

Tunda kana son shaida, ga ta, ka rubuta. Clarrie ya sauke yaɓen ciki, ya ɗaga guduma, sai ya tsaya. Ya ce, “Zo ki gani.” A saman makauniyar tagar akwai dogon dutse guda a gicciye, sassaƙaƙƙe, irin wanda ake ɗora wa tagar gaske don ya riƙe nauyin bango. Gefe da gefe an gyara bakin dutsen tsaf, har da gurbin da katakon taga zai zauna. Bulon da aka cike tsakiya da shi kuwa ba a kama shi da farar ƙasa ba, da yashi da laka kawai aka jera shi, ba a sarƙe shi da sauran bangon ba. Clarrie ya sa yatsa ya zaro na farko kamar ana zaro littafi daga kanta. Ya ce, “Wanda ya yi wannan ya san wata rana za a nemi rana a ɗakin nan. An ce masa ya toshe, ya toshe, amma ya bar wa na baya hanya.” Sai ya ajiye gudumar, muka kwashe da hannu, ni da shi.

Minti hamsin, Lindsay. Na duba agogo. Ba kwana biyu ba, ba mako bakwai ba. Wani fursuna da ba mu san sunansa ba, wanda kakanka bai taɓa tambaya ba, ya tausaya wa Mama tun kafin a haifi uwarta. Kai da ta goya, ka nemi a jira mai hoto. Ni ma ban wanke kaina ba. Wata huɗu ina kwana ina tashi kusa da bangon da ɗan yatsa zai buɗe, ina jiran izini daga mutumin da ya manta inda rana take. Da na saɓa mata sau ɗaya, da ta yi fushi da ni cikin ɗumi. Wannan zan ɗauka har nawa kabarin.

Bulon yana nan a lambu, na jera shi yadda ya fito, ban fasa ko ɗaya ba. Ɗalibinka ya zo ya ɗauki hotonsa in yana so. In hukuma ta ce a mayar, sai ta zo ta mayar da hannunta, ko kai ka zo. Ba sai ka wahalar da kanka da Kirsimeti ba. Gidan yana nan lafiya, shi dai ba abin da ya same shi.

Ba mu sa gilashi ba tukuna, Clarrie yana ɗaura tamfol da yamma, in cire da safe. Rana tana shigowa ƙarfe goma da kwata. Tana bin ƙasa a hankali, ta haye inda teburin magani yake, kafin sha biyu ta kwanta daidai inda gadon yake a da, daga kai har ƙafa. Tana yin awa uku a wurin.

Na kai kujera na ajiye. Kullum nakan zauna har ta wuce, don kada ta shigo bayan duk shekarun nan ta tarar ba kowa.

Noeline